Wasiƙa ta Goma Sha Huɗu

Ina cikin ferar dankali Wannes ya shigo tantin girki da waya a hannu, fuskarsa ta yi fari fat kamar wanda ya wuni yana amai. Litinin ce, kwana na tara da zuwanmu, saura biyar mu naɗe tantuna mu koma gida.

"Moeke Rosette, ajiye wuƙar nan."

"In na ajiye kai za ka fere? Baki saba'in da biyu ke jirana."

"Don Allah ki ajiye."

Sai na ajiye. A lokacin shekara goma sha tara ke nan ina dafa wa yaran ƙungiyar garinmu abinci duk bazarar da suka fito sansani a bakin kogin Ourthe, shi ya sa babba da yaro ke ce min Moeke, wato inna. Shi kansa Wannes ɗin, da yanzu ya zama babban jagora yana yawo da usur a wuya, ni na wanke masa wando shekarar da ya fara zuwa. Ban taɓa jin ya haɗa ni da Allah ba sai ranar.

"Katelijne ta mutu," in ji shi.

Na ce wace Katelijne, alhali ita kaɗai ce mai sunan a duk garin. Ya ce maman Tinne. Da safen nan tana shanya a bayan gida jijiya ta fashe mata a ka, mijinta Geert ya fito ya tarar da ita kwance da kwandon wanki a gefe. Shekararta talatin da tara. Na zauna a kan buhun dankali. Ta ƙofar tanti ina hango Tinne a bakin ruwa, 'yar shekara goma sha ɗaya, ta shafe fuska da taɓo tana bin wani yaro da bokiti.

"To me kake jira? Kira ta. Remi ya tayar da mota."

Remi mijina ne, shi ke mana cefane. Wannes ya girgiza kai.

"Babanta ya ce kada a gaya mata sai Asabar."

Na fizge wayar na kira Geert da kaina. Na san shi tun yana tallan jarida da keke, don haka ban tsaya zagaye-zagaye ba.

"Geert, ka yi haƙuri da wannan rashi, amma kanka ɗaya kuwa? Mutuwar uwa ce za a saka a firiji har Asabar?"

"Jana'iza sai Talata mai zuwa, Rosette. In na ɗauko ta yau me za ta zo ta yi? Ta zauna tana kallona?"

"Ta zauna tana kuka, kamar kowa."

"Daga Asabar har ƙarshen rayuwarta marainiya ce. Ki bar mata kwana biyar ɗin nan. Biyar kawai."

"Ƙarya fa kake so mu yi wa yarinya, mu goma sha biyu."

Ya ce, "'Yata ce ko taki?"

Ni da ake cewa ko limamin coci ba ya ja da ni, na miƙa wa Wannes wayarsa na ɗauki wuƙa. Har yau in na tuna ina jin haushin kaina, don na san ba daidai ba ne tun a lokacin, kuma na yi.

Ɓoye magana a sansani ba wuya, tunda ranar farko ake karɓe wayoyin kowa a kulle, ta Wannes kaɗai ke aiki. Ƙofa ɗaya ce ta rage, ita ce wasiƙa. Kullum bayan abincin rana a kan busa usur, a kira sunan duk wanda aka rubuto wa, ya hau benci ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Wanda ya ƙi, ya wanke Bertha, babbar tukunyarmu da yaro zai iya zama a ciki. Tun kafin a haifi Wannes ake haka, kuma yara sun fi son wannan lokaci a kan abincin kansa, duk da abincin ni nake dafawa.

Katelijne ba ta yarda da gidan waya ba. Kowace shekara takan rubuta wasiƙu goma sha huɗu tun a gida, ta sa wa kowace lamba, ta zuba a gwangwanin biskit, ta danƙa min a tashar jirgin ƙasa ranar tafiya. Ɗaya a rana. Tinne ta san da haka, kowa ma ya sani, kuma duk sansanin jiran wasiƙun ake, saboda matar ta yi sansanin nan da ƙuruciya ta san komai namu. Takan yi kamar mai duba. A ta huɗu ta ce yau an yi ruwa kuma Moeke ta zagi murhu, aka kuwa yi ruwa, na kuwa zagi murhu.

Da yamma muka taru mu manya a bayan tantin ajiya. Wannes ya ce ya aika wa duk iyaye saƙo kada wanda ya ambaci rasuwar. Na ce iyaye ke nan, kakanni fa? Tsofaffin garinmu ba sa duba waya, kuma ba abin da ke musu daɗin rubutawa irin wane ya mutu, wance ta kwanta asibiti. Muna da doka ɗaya da ba a taɓa karyawa ba, ba a buɗe wasiƙar yaro. Suka yi ta kallon juna, daga ƙarshe duk idanu suka dawo kaina, tunda ni ke da buta da tururi.

Haka na zama ɓarauniya da tsufana. Remi ya karɓo wasiƙu daga gidan manomin da ya ba mu fili, ni kuma in shige tantin ajiya da buta tana tafasa, in kanga bakin ambulan a tururi har gam ɗin ya saki, in karanta, in mayar in manne. Na san wanda iyayensa ke shirin rabuwa, na san wanda har yanzu yake fitsarin kwance. Ranar Laraba na kama biyu da suka ambaci Katelijne, na cusa su a aljihun rigar girkina. Na ji daɗin kamun har na yi wa Remi alfahari, ka ji wauta.

Abin da ban shirya masa ba shi ne gwangwanin biskit. Ranar Talata Wannes ya zo karɓar wasiƙa ta goma.

"Mu ce ta ɓata?"

"Ka ce ta ɓata, gobe kuma ka ce me? Ungo."

Tinne ta hau benci, gwiwoyi duk ƙurji, ta gyara murya irin ta uwarta.

"Tinne, yau kwana goma, na san safa ɗaya kike sawa tun Alhamis. Kada ki yi musu, daga nan nake jin warin. Ki gaishe da Moeke, ki ce mata gishiri ya yi yawa."

Yara suka tuntsire da dariya suna buga tebur. Wani ya ce, "Moeke, an kama ki!" Na ɗaga ludayi na yi musu barazana yadda na saba, sannan na shige tanti na yi ta yanka albasar da babu abin da zan yi da ita. Murya ce ta matar da ke kwance a ɗakin ajiye gawa, tana tsokanata da bakin 'yarta, yara sittin suna dariya. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da yake ba ni da abin da zan ba yarinyar, sai na ba ta abin da nake da shi. Duk ranar da na dafa shinkafa da madara, ƙanzon gindin Bertha shi ne abin faɗa, kuma bi da bi ake ci. Talata na ba Tinne. Laraba na sake dafawa ba don jadawali ya ce ba, na ba Tinne. Alhamis ma haka. Staf, wani ɗan ajinsu mai bakin tsiya, ya tsaya a gabana ya riƙe ƙugu.

"Moeke, kwana uku a jere! Ke kika haife ta ne?"

"Ɓace min da gani kafin in sa ka a tukunyar."

Tinne ta kalle ni da cokali a baki. "Me na yi ne, Moeke?"

"Kin rame ne. Ci ki ba ni wuri."

"Ni? Kin ga cikina kuwa?" Ta buga shi da hannu, ta yi dariya, ta cinye tas.

Da dare ya yi nakan ce saura uku, saura biyu. Ran Juma'a da safe na ce wa Remi mun kusa haye kogi. Ya ce in bari mu taka tudu tukuna, na ce ya tafi ya kawo min burodi.

Juma'ar ƙarshe ita ce ranar da aiki ke kashe mu. Akwai walimar bankwana, ƙwallon nama ɗari uku da markaɗaɗɗen tuffa, ga shi kowane gida sai ya rubuto wasiƙar ƙarshe. Wasiƙa arba'in da ɗaya Remi ya zube min ƙarfe goma sha ɗaya, usur kuma ƙarfe ɗaya. Ina buɗewa ina leƙa murhu. Ta kusa da ƙarshe ta Staf ce, daga kakarsa Mémé Irma.

Duk garin an san Mémé Irma ba ta taɓa sayen takardar rubutu ba. Duk abin da aka jefa mata a akwatin ƙofa, in bayansa fari ne, sai ta adana a aljihun tebur. Staf ya sha karanta mana gaisuwarta a bayan tallan mahauci da tsohuwar kalanda. Idonta kuma ya yi yana, sai ta kai abu hanci take gani. Na zaro takardar, mai kauri ce, an ninka biyu, rubutun yana waje. Na karanta sama, na juya na karanta ƙasa. Kaji sun daina ƙwai, gwiwa ta matsa mata, maƙwabci ya sare bishiyar da ba tasa ba. Babu Katelijne ko sau ɗaya. Na ji ƙaurin miya, na mayar na manne na ruga. Ban buɗe ninkin ba.

Bayan abinci Wannes ya busa usur. Aka kira mutum shida, aka yi dariya, aka yi wa wata waƙar tsokana saboda babanta ya kira ta 'yar zomona. Sai aka kira Staf. Ya haye benci, ya ranƙwafa kamar tsohuwa, ya ɗora tabarau na ƙarya da yatsu. Ya warware takardar ya ɗaga ta daidai hancinsa yadda kakarsa ke yi.

"Ɗan jikana Staf, ina fata kana wanke bayan kunne..."

Ina tsaye can baya da ludayi. Abin da na fara lura da shi, dariyar ta mutu a teburin gaba, na baya suna ci gaba. Sannan tebur na biyu ya yi shiru. Wata yarinya ta toshe baki da hannu biyu. Na matsa gefe don in ga abin da suke kallo.

Bayan takardar yana fuskantarmu. Baƙin layi ya zagaye shi, da ƙaramin gicciye a sama. A tsakiya hoton Katelijne ne tana dariya, cikin rigar ruwanta rawaya. Sanarwar rasuwa ce, irin wadda ake jefawa gida-gida a unguwa. Tinne tana zaune a teburin gaba, tsakaninta da hoton bai kai taku biyu ba.

Wannes yana tsaye da sauran wasiƙu a hannu kamar an dasa shi. Shi kuwa Staf bai san komai ba, yana ta karkarwar murya.

"...kaza mai wuyan tsirara ta yi yaji, kwana tara ba ƙwai... Kai, wai me ya same ku ne? Nan fa wurin dariya ne!"

"Staf," in ji Tinne. "Tsaya haka. Kada ka motsa."

Ta miƙe, ta matso, ta sa yatsa a ƙarƙashin rubutun kamar mai koyon karatu. Ta karanta da ƙarfi, don a wurin nan haka aka saba karanta komai. Sunan uwarta cikakke. Matar Geert, mahaifiyar Tinne. Ranar haihuwa. Ranar rasuwa. Ta tsaya a nan ta ƙirga da yatsu.

"Litinin," ta ce.

Staf ya juya takardar ya gani, ya sake ta kamar ta ƙone shi, ya faɗo daga benci ya fashe da kuka yana cewa bai sani ba, ya rantse bai sani ba. Ƙananan yara suka kama kuka don sun ga ana yi. A cikin wannan ruɗani Wannes ya juyo gare ni, ya faɗi abin da ya ƙarasa mu, da ƙarfi kowa na ji.

"Moeke, ba kin ce kin buɗe duka kin duba ba?"

Tinne ta bi jagorori da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya yi mamaki a cikinsu, kuma ta ga hakan. Sannan ta tako har inda nake. Ba ta kuka, idonta a bushe.

"Tun Litinin kika sani?"

"Tinne, 'yata, babanki ne ya..."

"Tun Litinin?"

"E."

Ta kalli Bertha a kan murhu, ta kalle ni.

"Shi ya sa ƙanzon."

Na ajiye ludayin a kan tebur.

"Da kin faɗa min da ban ci ba," in ji ta.

An zage ni a rayuwa, na kuma rama. Wannan ba zagi ba ne, kuma ba abin da ya taɓa shiga jikina kamarsa.

Wannes ya ruga ya kira Geert, ya dawo ya ce yana hanya, tafiyar awa uku ce. Wata jagora ta so ta rungumi Tinne ta kai ta tanti, ta zame. Ta koma gaban Wannes ta miƙa hannu.

"Ba ka kira sunana ba."

"Me?"

"Ta yau. Ta goma sha uku."

Ya zaro ta daga ƙasan tulin ya ba ta. Da ya ga ta nufi benci ya ce, "Tinne, ba sai kin hau ba."

"Doka ce. Ko so kake in wanke Bertha?"

Ta hau. Wannan karon ba ta kwaikwayi muryar kowa ba.

"Tinne, saura kwana ɗaya. Na san yau Moeke ta yi ƙwallon nama kuma kin ci bakwai. Ki nemo ɗaya takalmin tun yanzu, kada ki bari sai jirgi ya zo. Gidan ya yi shiru da yawa, babanki ba ya iya faɗa da ni yadda kike yi. Gobe ina nan inda na saba, ƙarƙashin agogon tasha, da rigar ruwan nan rawaya da kike jin kunyarta. Ko rana ake zan sa ta, don ki hango ni tun daga..."

Nan muryar ta tsinke. Ta buɗe baki ba sauti, sannan wani irin kuka ya fito da ban taɓa ji daga bakin yaro ba, kuma na ji kukan yara iri-iri. Remi ne ya sauko da ita. Ni ban matsa ba, don na san ba hannuna take so ba.

Geert ya iso wajen ƙarfe biyar, bai yi aski ba, rigarsa a birkice. Abin da suka ce wa juna a bakin kogi ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Da suka zo shiga mota na ɗauko gwangwanin biskit na bi su. Ambulan ɗaya ya rage a ciki, da lamba goma sha huɗu, a ƙasa Katelijne ta rubuta kada a buɗe sai ranar ƙarshe.

Tinne ta karɓa. Ta juya shi, ta kai bakin ambulan ɗin kusa da ido, ta bi gam ɗin da farce a hankali daga wannan gefe zuwa wancan.

"Wannan ma kin buɗe?"

"A'a. Na rantse da kabarin uwata, ban taɓa na mamanki ba."

Ta daɗe tana kallona kafin ta yarda.

"To ita kaɗai ta rage da ba ku riga ni sani ba."

Ta sa a cikin riga, ta shiga mota, ta ja ƙofa.

Washegari muka naɗe tantuna ba waƙa ba usur. Mémé Irma ta yi ta rantsuwa har ta mutu cewa ta ɗauka tallan mai gyaran taga ne, kuma na yarda da ita. Ba ita ta yi laifin ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da faruwar haka. Har yanzu ina girki, sai dai na daina shinkafa da madara, yara suna ta ƙorafi ina ce musu madara ta yi tsada a bakina. Tinne ta dawo bayan shekara biyu, yanzu ita ke riƙe da usur. Tana gaishe ni da ladabi, tana ce min Madam Rosette. Bara ina neman almakashi a akwatin ofis na ga ambulan ɗin a cikin littafinta, gefensa ya yi laushi don yawan riƙo, bakinsa a manne. Ta shigo ta same ni ina kallo, na ja hannuna baya da sauri.

"Har yanzu?" na ce.

"An ce sai ranar ƙarshe," in ji ta. "Ni Juma'a aka ɗauke ni."

Ta rufe littafin, ta tambaye ni ko burodi zai kai gobe.